Leƙa Mafitsara: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Je

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan ɗan littafi na wanda likita ya ce masa, "Sai an leƙa mafitsararka." Na iyalinsa ne kuma, domin su ne masu rakiya, su ne masu neman kuɗin mota. Mutane da yawa in sun ji wannan magana sai gabansu ya faɗi. Waɗansu sukan karɓi takardar, su naɗe, su sa a aljihu, su koma gida. Ba ma sake ganinsu sai bayan shekara, lokacin da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Yawanci tsoro ne ke mayar da su, kuma rashin sani ne ke kawo tsoron. Saboda haka za mu bayyana maka aikin daga farko har ƙarshe. In ka iya karatu, ka karanta wa wanda bai iya ba.

Mafitsara da hanyarta

Kowane mutum yana da ƙoda 2, ɗaya dama ɗaya hagu, can ta baya wajen kwiɓi. Aikinsu tace jini dare da rana. Abin da suka tace shi ne fitsari. Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya da ke gangarowa da fitsarin zuwa mafitsara.

Mafitsara kamar 'yar salka take, tana zaune a ƙasan mara. In babu kome a ciki sai ta lanƙwashe, in ta cika sai ta kumbura. Ta babban mutum tana ɗaukar kusan rabin lita. Daga ƙasanta hanya ɗaya ce tak ke fita waje. A jikin mace hanyar gajera ce, kamar santimita 4. A jikin namiji doguwa ce, kusan santimita 20, kuma tana ratsawa ta cikin wani ƙullutun nama da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke kira furostat. Ta wannan hanya da fitsari ke fitowa, ta nan ne likita ke bi ya leƙa. Ba a tsaga ciki, ba a yanka fata, ba a ɗinki.

Da me ake leƙawa?

A bakin likitoci sunan aikin sistoskofi. Abin aikin wani siririn bututu ne, kaurinsa kamar na fensir ko ƙasa da haka. A bakinsa akwai 'yar fitila da ɗan madubi ko kyamara. Likita yana duba ta ɗaya bakin, ko kuma hoton ya fito a allo irin na talabijin. Ta cikin bututun ake zuba ruwa mai tsabta domin mafitsara ta buɗe, bangonta ya miƙe, a ga ko'ina.

Iri 2 ne. Akwai mai laushi, wanda ke lanƙwasa yana bin hanya. Da shi ake yawan yin duba kawai, mutum yana farke. Akwai kuma na ƙarfe, miƙaƙƙe, mai ɗan kauri. Shi ake ɗauka in ana so a yi wani aiki a ciki, kamar ciro tsakuwa ko yanke ƙari. A nan sau da yawa ana yin allurar baya mai kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, ko a sa mutum barci. Ka tambayi likita wanne za a yi maka, domin shirinsu ba ɗaya ba ne.

Wannan aiki ba sabo ba ne, ba kuma a kanka za a gwada shi ba. Wani likita Bajamushe mai suna Nitze ne ya fara nuna irin wannan abin leƙawa tun 1877. Tun daga lokacin ake ta gyara shi, yana ƙara siranta, haskensa yana ƙaruwa.

Me ya sa awon fitsari da hoton ciki ba su isa ba?

Za ka iya cewa, "Ai an auna fitsarina, an kuma yi mini hoton ciki. Me ya rage?" Awon fitsari yana gaya mana akwai jini, ko ƙwayar cuta, ko ƙwan tsargiya. Amma ba ya nuna wurin da jinin ke fitowa. Hoton ciki, wanda waɗansu ke kira eko waɗansu sikanin, yana nuna ƙoda, da manyan tsakuwa, da babban ƙari. Ƙaramin ƙari kuwa, ko wanda ya kwanta a bango bai taso ba, yana iya ɓuya masa. Mai waɗannan awo kamar mutum ne da ya tsaya a ƙofar ɗaki yana saurare. Mai leƙa mafitsara ya shiga ɗakin da fitila a hannu. Gani ya kori ji.

Wa ake yi wa?

Ba kowane mai ciwon mara ake leƙawa ba. Likita yakan nema in ya ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jini a fitsarin babban mutum, ko ana ganinsa da ido, ko awo ne ya nuna shi fiye da sau ɗaya.

Jinin da bai tsaya ba, ko ya dawo, bayan an sha maganin tsargiya.

Zafin fitsari da ke ta dawowa, an sha magani sau da yawa bai rabu ba.

Fitsarin da ke fita da ƙyar, siriri kamar zare, ko yana yankewa, ko ya tsaya gaba ɗaya. Ga dattijo, sau da yawa furostat ne ya kumbura ya matse hanya. Ga saurayi ko magidanci, yana iya zama tabon tsohon ciwon sanyi, ko na buguwa, ya ƙuntata hanyar.

Zaton tsakuwa a mafitsara.

Yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda. Wani lokaci likita yana so ya ga daidai inda hujin yake kafin ya yi gyara.

Wanda aka taɓa cire wa ƙari a mafitsara. Shi ana leƙawa lokaci lokaci, domin irin wannan ƙari yana da halin dawowa.

Maganar jini a fitsari

A nan za mu daɗe, domin nan ne rai yake.

A ƙasashenmu babban abin da ke kawo jini a fitsari shi ne tsargiya. Tana nan a bakin kogin Binuwai da dam ɗin Lagdo, da gonakin shinkafa na bakin Logon, da kewayen tafkin Chadi, da bakin kogin Kwara, da tafkunan da ke cika da damina. Tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita mai suna Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga cikin ƙananan dodon koɗi na ruwa. Daga nan su fito da yawa, su huda fatar mai wanka, ko mai wanki, ko mai su, ko mai dashen shinkafa. A cikin jiki tsutsar takan girma, ta zauna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, tana zuba ƙwai. Ƙwan ne ke huda bangon mafitsara, shi ya sa ake ganin jini, musamman a ƙarshen fitsari.

Saboda yawanta, mutane sun saba da ita. A waɗansu ƙauyuka har ana cewa jan fitsari alamar balaga ce ga yaro. Wannan ba gaskiya ba ne. Ciwo ne, kuma yana da magani, ƙwayar da ake kira farazikwantel, wadda ake raba wa 'yan makaranta. Yaro mai tsargiya yawanci ba ya bukatar a leƙa mafitsararsa. A auna fitsari, a ba shi magani daidai da nauyinsa ko tsayinsa, shi ke nan.

Babba kuwa lissafinsa dabam. Ba duk ƙwan ne ke fita da fitsari ba. Da yawa sukan maƙale a bango, su mutu a can, su taurare. In likita ya leƙa irin wannan mafitsara yakan ga wurare kamar an watsa yashi. Shekara da shekaru bangon yana ciwo yana warkewa, yana ciwo yana warkewa. A jikin waɗansu mutane, daga nan ne ciwon daji ke tasowa, wanda ake kira sankara. Farazikwantel yana kashe tsutsa, amma ba ya narkar da ƙari. Taba sigari ma babbar mai kawo sankarar mafitsara ce, domin dafinta yana bi ta jini, ƙoda ta tace shi, ya taru a mafitsara. Wanda ya haɗa tsohuwar tsargiya da shan taba ya ɗauki kaya biyu.

Ga abin da ke yaudarar mutane. Jinin sankarar mafitsara sau da yawa ba ya zuwa da zafi. Kuma ba kullum yake zuwa ba. Yakan zo kwana 2 ko 3, ya ɗauke wata guda ko fiye, sa'an nan ya dawo. Mutum ya ga jini, ya jiƙa sassaƙe ya sha, ko ya sayi ƙwaya a tebur ranar kasuwa. Jini ya ɗauke, sai ya ce magani ya ci. Alhali jinin da kansa ya ɗauke, ƙarin yana nan yana girma.

Bambancin zuwa da wuri da zuwa a makare babba ne. Ƙarin da bai wuce fatar ciki ta mafitsara ba, sau da yawa ana iya kankare shi ta cikin bututun nan, ba tare da an tsaga ciki ba. Wanda ya riga ya kafa saiwa cikin naman bango yana bukatar babban aiki, wani lokaci har a cire mafitsarar duka. Wanda ya bazu zuwa waɗansu wurare kuwa, abin da ya rage shi ne rage wa mutum raɗaɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada wannan ya sa ka yanke wa kanka hukunci. Yawancin masu jini a fitsari ba sankara ke gare su ba. Tsargiya, da ƙwayar cuta, da tsakuwa, da kumburin furostat, duk suna kawo jini. Ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka ma yana mayar da fitsari ja, ba kuwa jini ba ne. Amma ba mai iya rarrabewa daga gida. In kai babba ne, musamman in ka haura shekara 40, ka ga jini ko sau ɗaya, ka zo a duba, ko da ya ɗauke, ko da ba zafi.

Shiri kafin ranar

Ba kowane asibiti ke da abin leƙawa ba. Mai yiwuwa a ba ka takarda zuwa babban asibiti a birni. Kafin ka tashi, ka tambayi ranar da ake yin aikin da kuɗinsa, don kada ka yi tafiyar banza. Ka riƙe takardar turawa, da sakamakon awon da aka yi maka, da dukan magungunan da kake sha, cikin kwalinsu.

Za a fara auna fitsarinka. In akwai ƙwayar cuta mai ƙarfi, sai a ba ka magani tukuna, a ɗaga ranar. Ba wulaƙanci ba ne, kiyaye ka ake yi, domin leƙawa a kan cuta na iya tura ta cikin jini.

Ka gaya wa likita in kana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, in kana da ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, in kuma wani magani ya taɓa yi maka illa. Kada ka daina shan maganinka da kanka, sai in shi ya ce. Ke kuma, in kina da ciki ko kina zato, ko kina al'ada, ki faɗa. Mai azumi ya faɗa tun da wuri a zaɓi ranar da ta dace, domin bayan aikin ana bukatar shan ruwa da yawa.

In mai laushi za a yi kana farke, yawanci za ka iya cin abincinka. In za a yi allurar baya ko a sa ka barci, za a hana ka abinci kamar awa 6 kafin aikin, kuma dole ka zo da mai rakiya. Ka yi wanka da sabulu da safe, ka sa tufafi masu sauƙin cirewa.

Yadda ake yi

Da farko za a ce ka je ka yi fitsari. Sa'an nan ka kwanta rigingine a gadon aiki. Za a rufe ka da zane mai tsabta, wurin aikin kaɗai za a bari. A wanke wurin da ruwan magani, yana da ɗan sanyi. Sai a matsa wani man shafawa cikin hanyar fitsari. Man yana sa santsi, yana kuma kashe zafi. A ɗan jira ya kama.

Daga nan likita zai shigar da bututun a hankali. Ba za mu ce maka ba za ka ji kome ba. Za ka ji ɗan yaji da matsi. Ga namiji, wurin da ya fi damuwa shi ne lokacin da bututun ke wuce furostat, kuma ba ya daɗewa. Dabarar ita ce kada ka ƙanƙame jiki. Ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka fitar ta baki, ka saki mararka kamar mai shirin yin fitsari. In ka saki jiki hanya takan buɗe da kanta. Ga mace abin ya fi sauƙi, tun da hanyar gajera ce.

In ruwa ya shiga za ka ji fitsari ya matse ka ƙwarai. Haka ake so, kada ka ji kunya. Likita zai juya bututun ya duba bango duka, da bakin hanyoyin nan 2 da ke zuwa daga ƙoda, da wuyan mafitsara. In duba ne kawai, yawanci minti 5 zuwa 15 an gama. In ya ga wurin da bai yarda da shi ba, zai iya tsinko ɗan nama ƙanƙane, bai kai ƙwayar dawa ba, a aika ɗakin awo. In zafi ya yi maka yawa, ka yi magana. Kana da ikon cewa a dakata.

Bayan an gama

Wanda aka yi wa yana farke yakan koma gida ran nan. Wanda aka yi wa allurar baya ko barci zai huta sai ƙafafu sun dawo, ya kuma yi fitsari. Wani lokaci akan bar masa robar fitsari na ɗan lokaci.

Kwana 1 ko 2 za ka iya jin yaji in kana fitsari, ka riƙa zuwa akai akai, fitsarin kuma ya yi ɗan ja kamar ruwan wankin nama. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ka sha ruwa mai tsabta da yawa, kamar lita 2 a yini, sai dai in likita ya taƙaita maka ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Farasitamol ya isa ga zafin. In an tsinki nama ko an kankare ƙari, ka bar aikin ƙarfi, da ɗaukar kaya, da doguwar tafiya a babur, da kwanciyar iyali, har ranar da likita ya faɗa.

Amma ka koma asibiti mafi kusa nan da nan, ko da tsakar dare ne, in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Zazzaɓi ko rawar sanyi. Kada ka ce cizon sauro ne ka yi shiru. Ka gaya wa ma'aikaci an leƙa mafitsararka.

Fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura tana ciwo.

Jini jajawur ko gudaji, ko jinin da ke ƙaruwa maimakon raguwa.

Ciwo mai tsanani a mara ko kwiɓi, ko zafin da ya wuce kwana 3 bai sauka ba.

Waɗannan ba su cika faruwa ba, kuma duk suna da magani in an zo da wuri.

Tambayoyin da ake jin nauyin yi

"Zai rage mini ƙarfin namiji, ko ya hana ni haihuwa?" A'a. Leƙawa ba ta taɓa 'ya'yan maraina, ba ta taɓa jijiyoyin ƙarfi. Aikin furostat dabam ne, in ya zama dole likita zai yi maka bayaninsa tukuna.

"Zai taɓa mahaifata? Zai ɓata budurcin 'yata?" A'a. Ƙofar fitsari dabam take da ƙofar haihuwa. Bututun ba ya bi ta hanyar mahaifa.

"Ina jin kunya." Kunya halin kirki ce, muna kuma girmama ta. Ki nemi ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke. Kai ma, baba, ka nemi a rage mutane a ɗakin. Abin da aka gani a ɗakin nan asiri ne tsakaninka da masu duba ka.

"Ba zan ɗauki cutar wani ba?" Ana wanke abin aikin, a kashe ƙwayoyin cuta da ke jikinsa, kafin a sa wa kowane mutum.

"In an taɓa ƙari, ba zai bazu ba?" Leƙawa da tsinko ɗan nama ba su ke sa sankara ta bazu ba. Jinkiri ne ke ba ta lokaci.

Sakamako

Abin da likita ya gani da ido zai iya gaya maka ran nan. Naman da aka aika awo kuwa yakan ɗauki makonni, musamman in ɗakin awon yana wani gari. Kafin ka bar asibiti ka yi tambaya 3: Me aka gani? Me zan yi yanzu? Yaushe zan dawo? Ka sa a rubuta maka amsar, ka kawo mana takardar a asibitin da ya tura ka. In an ce ba a ga kome ba, kada ka ce kuɗinka ya tafi banza, ka sami kwanciyar rai. In jinin ya dawo daga baya, ka sake zuwa, domin wani jinin daga ƙoda yake fitowa, can kuma bututun ba ya kaiwa.

Ga iyali da maƙwabta

Dattawa da yawa ba sa faɗin ciwon fitsari ga 'ya'yansu. Uwargida ce kan fara lura, ko ta ga tabo a wando, ko ta ga maigida yana tashi sau da yawa cikin dare. In kin lura, ki yi masa magana a keɓe, cikin ladabi. Ku 'ya'ya, in an ba mahaifinku ko mahaifiyarku takardar turawa, kada ku ce sai bayan girbi. Ku haɗa abin da ya samu, ɗaya daga cikinku ya yi rakiya. Shugabannin jama'a da na ƙungiyoyin mata, ku taimaka wa wanda ba shi da kowa.

Ku kuma tare ciwon tun daga tushe. Kada a yi fitsari a tafki ko rafi. Yara su sha maganin tsargiya duk lokacin da aka zo rabawa, manya masu aiki cikin ruwa su ma su nema. Mai shan taba ya daina. Wanda ya kamu da ciwon sanyi ya zo asibiti tare da iyalinsa, ya sha magani har ƙarshe.

In takardar nan tana aljihunka tun watan jiya, ka fito da ita yau. In akwai abin da bai fito maka sarai ba, ka zo ka tambaye mu, za mu zauna da kai. Allah ya ba mu lafiya.